Sharhi: Totuwar masarar Kontagora da matsalar ajiyar wutar lantarki

Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun ruwa na Kainji da Shiroro da Zungeru, amma duk da haka masu shaguna da dama a Kontagora sun koma dogaro da hasken rana. Farantan sola kan daɗe suna aiki. Batir ne ke mutuwa da wuri saboda zafi da yawan caji, kuma akasarinsa daga ƙetare ake shigo da shi.

A nan ne totuwar masara da buntun shinkafa, waɗanda ake ƙonawa bayan girbi a wannan yanki, suka ja hankalin masana. Idan aka gasa su ba tare da iska ba a zafin da ya haura digiri 700, aka sarrafa su da tururi ko sinadari, sukan zama gawayi mai ƙananan ramuka, wanda faɗin cikin giram ɗaya nasa kan zarce murabba'in mita 1,000. Da irinsa ake haɗa na'urar sufakafasita, kodayake masana'antun duniya sun fi amfani da ɓawon kwakwa.

Haska gawayin da hasken gama yana sauya tsarin fuskarsa, ta yadda ruwan sinadarin da ke cikin na'urar zai fi ratsa shi, ya ƙara riƙe caji. Idan hasken ya wuce kima kuwa, gawayin kan lalace. Nijeriya na da cibiyar irin wannan aiki a Sheda, kusa da Abuja, ƙarƙashin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa.

Sai dai akwai buƙatar taka-tsantsan. Sufakafasita ba ta ajiye wutar da za ta kai gida har asuba. Amfaninta shi ne ɗaukar nauyin fizgar farko, kamar lokacin tayar da injin ban-ruwa ko firiji, abin da ke tsawaita rayuwar batir.

Haskawa kuma ita ce matakin ƙarshe, ba na farko ba. Buntu na ɗauke da sinadarin yashi mai yawa da sai an wanke, kuma gawayin da ingancinsa ke bambanta daga buhu zuwa buhu babu masana'antar da za ta saya. Idan gwamnatin jihar da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna za su zuba kuɗi, ƙaramar masana'antar gawayin kusa da gonakin Kontagora ce ta cancanci kason farko, tunda masu tace ruwan sha ma suna buƙatarsa tun yanzu.