Ma'adinin na Abuja, Itacen na Katsina, Ramin Namu

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ke yawo a bakunan wasu da ake ganin sun san duniya, wai maganin Dajin Rugu shi ne a sare shi ƙarƙaf a huta, tun da ya zama mafakar 'yan bindiga, sa'an nan a kira masu jari su haƙo arzikin da ke ƙarƙashinsa. Ni dai ban yarda ba, kuma ina roƙon duk ɗan Dutsin-Ma da ɗan Kurfi kada ya yarda.

Ba na musun ɓarnar da ta fito daga dajin nan. Mutanen Safana da Batsari da Ɗanmusa sun fi kowa saninta. A Disamba 1 ga wata ko 30, duk ɗaya ne ga wanda ke kwana da fargaba. A 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka nausa daji da su. A 2021 aka toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka hana manyan motoci ɗauko itace daga jeji. To, amma wa ya ga itaciya ta saɓa bindiga? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A zamanin En'e gandun daji yana da iyaka sananniya, akwai malamin daji, akwai sarkin daji, akwai hakimi da dagacin da za a tuhuma in an yi ɓarna. Tsarin yana da nasa zalunci, dattawa ba su manta da tarar malamin daji ba, amma dai akwai mai tsaro. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e, aka bar gandun a hannun ma'aikatar da ba ta da isassun ma'aikata balle kayan aiki. Daga nan mai gawayi ya shiga wa ƙirya da marke, mai neman gona ya cinye burtali da makiyaya, gada da barewa da gwanki suka zama labarin tsofaffi. Ɓarawo shi ne na ƙarshen shiga.

Yanzu a dubi yadda aka raba dukiyar. Tsarin mulki na 1999 ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, kuma a Abuja ake ba da lasisin haƙarsa. Ƙasar kanta, bisa dokar 1978, amana ce a hannun Gwamna, itatuwan gandu kuwa na jiha ne. Watau mai ba da izinin tono yana can nesa bai taɓa ganin wurin ba, mai itace ba shi da ta cewa a kan tonon, talakan da ke gefen gandun kuma rabonsa rami da ƙura. Farar ƙasar Ƙanƙara ta daɗe da yin suna, akwai irinta a ƙasar Dutsin-Ma, ga duwatsun da ake fasawa, ga yashin da ake kwasa daga rafuka. Ba na ƙin a haƙa. Abin da nake ƙi shi ne a haƙa a inda babu mai tsawatawa.

Wanda ke son ganin ƙarshen irin wannan haƙa, ya leƙa Zamfara. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar dungurungum saboda rashin tsaro, ba ta ɗage ba sai ƙarshen 2024. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san sauran.

Ga kuma abin da masu gatari ba su lissafa ba. Madatsar ruwa ta Zobe da aka gama a 1983 a kan kogin Karaduwa, ruwan damina ke cika ta. In aka tsiraita ƙasar da ruwan ke bi, yashi da laka zai kwaso ya jibge a ciki, mai noman rani da masunci su ne za su biya.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun gwada wata hanya. Tun daga shekarun 1980 manomansu suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonaki suna yi masu sassabe, da suka tabbata cewa itacen da suka rena nasu ne. Miliyoyin hekta suka farfaɗo a kudancin Nijar ba tare da gandun shuka mai tsada ba. Ƙasarmu ta fi tasu samun ruwan sama.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniya da jama'ar wurin kafin ya fara aiki, ya kuma gyara ƙasar in ya gama. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta rubuta wa shugabannin ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, da wakilanmu na majalisa, su nemo jerin duk lasisin da aka bayar a ƙasarmu, da sunan mai shi da iyakarsa, a fassara da Hausa a manna a ƙofar gidan kowane hakimi.