A Yi wa Na'urar Waifai Zaure

'Yan'uwana ɗalibai, idan hutu ya mai da mu Beli ko Rogo, mu ake miƙa wa na'urar waifai a ce mu saita. Da yawanmu sai mu kunna ta kurum, mu bar ta da kalmar sirrin da ke rubuce a jikinta. Kafin mako ya zagayo datar wata guda ta ƙare, maigida ya shiga zargin maƙwabta.

Maganin wannan ba rowa ba ce. Gidan Bahaushe yana da zaure, yana da cikin gida. Da yawa daga na'urorin nan suna ba da damar buɗe layin baƙi daban. A bar wa maƙwabci wannan, a kulle na iyali da doguwar kalmar sirri bisa tsarin WPA2 na 2004 ko WPA3 na 2018. WEP kuwa, tun 2001 aka gano lagonsa. A kuma sauya kalmar shiga shafin saiti. Tantance wayoyi ta lambar MAC asabari ne kawai, domin gwani yana iya kwaikwayon lambar.

Ilimin da muka tafi nema, a gida ya kamata ya fara amfani.