Matattun Mahaɗai a Takardun Ofis

A Magajiya, kamar sauran unguwannin Suleja waɗanda kusancin Abuja ya jawo musu ofisoshin lauyoyi da makarantun kuɗi da shagunan buga takardu, akan haɗa kwamfutoci uku ko huɗu da waya ko ta iska, a ware folda guda a ɗayarsu inda kowa ke zuba aikinsa. A irin wannan tsari ne ake dogaro da mahaɗi, wato shuɗin rubutun nan mai layi a ƙarƙashi wanda, idan aka danna shi a takardar Microsoft Word, yake buɗe wata takarda daban, ta yadda jadawalin shari'o'i zai kai mutum ga fayil ɗin kowace ƙara, ko rajistar makaranta ta kai shi ga sakamakon kowane aji. Ranar da mahaɗin ya ƙi buɗewa sai a ce bairos ya shiga kwamfuta, ko a ɗora wa mai buga takardu laifi, alhali kuwa galibi babu abin da ya lalace face adireshi.

Mahaɗi ba ya ɗauke da takardar da yake nunawa, kwatancen wurinta kawai yake riƙe da shi, kuma duk wanda ya danna Alt da F9 tare zai ga shuɗin rubutun ya koma ainihin umarnin da ke ɓoye, da kalmar HYPERLINK a farko da adireshin a bayanta. Adireshin nan iri biyu ne. Akwai cikakke, wanda ke farawa daga harafin ma'ajiya ko sunan kwamfutar da ke ajiye da fayil ɗin, akwai kuma na dogaro, wanda ke kwatance daga inda takardar take zaune, tamkar a ce wa baƙo gida na uku bayan masallaci, kwatancen da ba ya amfanar kowa sai wanda ya taso daga layin da aka nufa. Da zarar an kwashe takardar a filashi ko an tura ta ta WhatsApp, na dogaron ya tashi daga aiki.

Babbar matsalar ofisoshi masu folda ta tarayya ita ce harafin da Windows ke laƙaba wa foldar. Kwamfutar sakatariya na iya kiran ta Z, ta akawu kuma ta kira ta Y, saboda haka mahaɗin da aka ƙirƙira da Z zai yi aiki a teburi ɗaya ya mutu a na kusa da shi, kowa kuma ya rantse cewa nasa ne daidai. Maganin shi ne a rubuta adireshin da sunan kwamfutar mai ajiya, wanda ke farawa da karkatattun layuka biyu, domin wannan suna ɗaya ne a wurin kowa. Masu rubuta lambar adireshin kwamfutar a maimakon sunanta su ma suna cikin haɗari, domin a garin da ɗauke wuta ya zama ruwan dare, na'urar da ke raba lambobin tana iya sake rabon duk lokacin da ta mutu ta tashi, sai dai idan an kafe wa kwamfutar lambarta.

Shi kansa Word yana da nasa hannu a ciki, tun da akwai wani zaɓi a can cikin saitunansa wanda ke sabunta mahaɗai yayin adanawa, kuma yakan mayar da cikakken adireshi na dogaro ba tare da ya tambayi kowa ba. Ofishin da ke aiki da folda ta tarayya ya kamata ya kashe shi. Alamar # a sunan fayil ita ma tana karya mahaɗi, haka nan adireshin da ya zarce haruffa 260 saboda cusa folda cikin folda.

Gyaran da aka fi tsoro, wato na takarda mai mahaɗai ɗari bayan an sauya kwamfutar ajiya, ba ya buƙatar a bi su ɗaya bayan ɗaya: a bayyana umarnin da Alt da F9, a sa Word ya nemo tsohon sunan ya musanya shi da sabo gaba ɗaya, sannan a zaɓi dukkan rubutun a danna F9.

Sai dai gyara ba zai ɗore ba muddin kowa na da ikon sauya sunan folda yadda ya ga dama. Tun a 1998 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya yi gargaɗi cewa adireshi ba ya sauyawa da kansa, mutane ne ke sauya shi. Zalunci ne shugaban ofis ya sake wa folda suna da daddare, da safe kuma ya yi wa ƙaramar ma'aikaciya faɗa a gaban jama'a kan jadawalin da ya ƙi buɗewa. Wajibi ne a tsayar da tsarin sunaye a rubuce, a ba mutum ɗaya amanar foldar, sauran kuma a bar musu ikon karantawa da ƙara aiki, ban da ikon motsa abin da aka riga aka ajiye.