Albasar Galmi da tukunyar ƴan Italiya

Duk ma'aikacin gwamnatin da aiki ya taɓa ɗauka daga Yamai zuwa Maraɗi ko Damagaram ya san inda yunwa ke cim ma matafiyi. Idan mota ta wuce Birnin Ƙonni da Tsarnawa, ta doshi Malbaza inda ake hango ma'aikatar siminti tun daga nesa, sai direba ya ratse gefen hanya. Abin da aka fi tararwa a rumfunan abinci shi ne shinkafa da wake, ko tuwo, ko kuwa farantin taliya ja wur da tumatirin gwangwani. Mutane da yawa sun ɗauka cewa kalmar taliya daga sunan ƙasar Italiya ta fito. In haka ne, to sunan kaɗai aka aro, an bar dabarar a can.

Ga yadda abin yake a wurin masu shi. Ƙaramin gidan abinci na iyali, wanda suke kira taratoriya, sau da yawa bai wuce tebur goma ko goma sha biyar ba. Uwa ko ɗa yana madafa, uba yana tarbon baƙi, ƴa tana riƙe da lissafi. Takardar abincin gajera ce, tana kuma sauyawa da lokacin shekara, domin abin da kasuwa ta kawo da safe shi ake dafawa. Ba a tara wa mutum komai a faranti guda. Ana fara kawo ɗan abin motsa baki, sa'an nan taliya ko shinkafa, daga baya nama ko kifi da ganye a gefe, a rufe da kayan zaƙi da ɗan kofin kafe mai ɗaci. Taliyar ba a barinta ta yi lugub, ana sauke ta tana da sauran ƙarfi a haƙori, abin da Bahaushe zai ce ba ta nuna ba. Matasan masu dafuwa na yanzu sun rage maiƙo da yawan abin da ake zubawa, amma ba su taɓa wannan tsari ba.

A nan Nijar sunan da aka fi sani a wannan fanni shi ne Le Pilier, na wani ɗan Italiya, wanda ya yi tashe a Agadas da Yamai a zamanin da masu yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa Abzin. Mutanen jihar Tawa kuwa sun san ƴan Italiya ta wata ƙofa dabam, wato aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita da aka soma a 1984 tare da hukumar FAO.

Musulmin da ya shiga irin wannan gida a Turai sai ya yi tambaya kafin ya sa hannu. Akwai miyar taliya da ake yi da naman alade, kamar wadda ake kira karbonara, kuma ana yawan zuba giya cikin miyar nama. Ya duba takardar biya kuma, zai ga wani ɗan kuɗi da suke kira koferto, na zama da burodi. Ba cuta ba ce, al'adarsu ce.

Amma abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi a takardar abincin shi ne sunayen garuruwa. Mai gidan ba ya rubuta albasa kawai, sai ya ce albasar Toropeya, wani gari na bakin teku a lardin Kalabiriya, wadda Tarayyar Turai ta ba kariyar suna a 2008. Ba ya cewa tumatir, sai ya ce na San Marzano. Cukunsu na Farma da kewaye yana da ƙungiyar masu kare shi tun 1934. Mai ci yana biyan kuɗin sunan da daɗin rai, wani kaso na kuɗin kuma yana komawa gonar da aka ambata.

To, albasar Toropeya ja ce mai zaƙi, ƴar'uwar ta Galmi a ido. Galmi kuwa cikin gundumar Malbaza take, a kan wannan hanya guda. Daga nan manyan motoci ke lodi zuwa Abijan da Akara da Kwatano da Lome. Sunan ya yi tsadar da har a shekarun 2000 wani kamfanin iri na Senegal ya nemi a ba shi haƙƙin mallakarsa, sai da Nijar ta yi tsaye kafin a janye. A 2023 hukumar OAPI ta miƙa wa Nijar takardar kariyar sunan albasar Galmi, tare da ta kilishi. An yi murna, kuma murnar ta dace. Sai dai takarda tana cikin ofis, mai abincin bakin hanya kuwa, wadda buhunan albasar ke jibge kusa da rumfarta, ba ta ga dalilin gaya wa baƙo daga ina albasarta ta fito ba. Yanka biyu take watsawa bisa faranti, kamar ado.

Jan da ke cikin miyar shi ne ya fi ban takaici. Gwangwanin yana ɗauke da suna mai kama da na Italiya, wani lokaci har da launin tutarsu. Ɗan jaridar Faransa Jean-Baptiste Malet ya bi sawun wannan ciniki a littafinsa L'Empire de l'or rouge na 2017, ya nuna cewa da yawa daga abin da ake sayar wa Afirka tumatirin Sin ne da aka niƙa aka zuba a ganguna, a wasu lokuta a gauraya shi da sitaci da launi. Ke nan ba Italiya ake ci ba, ba kuma Ƙonni ba. Alhali kuwa da rani tumatirin lambunan kwarin Magiya yakan yi yawa har a rasa mai saye, mata su yanka su shanya ya zama kauɗa. Busasshen tumatir a Italiya abin marmari ne, ana jiƙa shi cikin man zaitun a sayar da tsada. A nan wasu na ganin kauɗa abincin wanda bai da kuɗin gwangwani ne. Waɗanda suka ga faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994 ba su manta yadda kayan waje suka yi tashin gwauron zabi ba, duk da haka ba a rabu da gwangwanin ba.

Wani zai ce talaka ba ya cin suna, kuma kwandastan mota da ke da dala ɗari a aljihu ƙoshi yake nema. Gaskiya ne. Amma ba shi kaɗai ke tsayawa Malbaza ba. Akwai injiniyoyin ma'aikatar siminti, da ma'aikatan asibitin Galmi, da alhazan albasa, da jami'an da ke tafe da kuɗin guzuri na gwamnati. Waɗannan na iya biyan jaka ɗaya ko biyu a wuri mai tsabta inda iyali guda ke dafa abu uku su gyara shi. Abin da gidan Italiya ke tsaye a kansa ke nan: ba a ɗaukar ma'aikata da yawa, ba a sayen abin da zai kwana, kuma mai gida ya san fuskar wanda ya dawo.

Kayan aikin ma ba baƙi ba ne. Injin taliya ƴar murji yana gidaje da dama, an kuma san noman alkama da rani a filayen ban ruwa na Ƙonni. A birnin Nafoli akwai wata miya da suke kira jenobeze, wadda asalinta ba ta neman tumatir. Albasa ce ake yankawa da yawa, har ta ninka naman sa a nauyi, a ɗora su tare bisa ƙaramar wuta awa uku ko huɗu, sai albasar ta narke ta koma ruwan zuma, naman kuma ya saki. Giyar da suke zubawa ana iya barinta, ruwan albasar ya isa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da ake cire albasa kuma farashin buhu ke faɗuwa, manomin da bai da rudun ajiya yakan sayar ko nawa aka taya. A daidai wannan lokaci tukunyar jenobeze guda za ta cinye kwano biyu ko uku na albasar Galmi kafin motar azahar ta iso daga Yamai.