Garatuti Ba Kuɗin Bulo Ba Ne

A Ingila da Amurka, wanda ya yi ritaya akan ba shi shawarar ya sayar da babban gida ya koma ƙarami, ya ci rarar. Mu a Gubuchi akasin haka muke yi, har muna yaba kanmu.

Ma'aikaci ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, ya miƙa makullin kwatas a Kaduna ko Zariya, ya dawo gida. Bai gama sauke kaya ba mun fara zuga shi: "Baba, ai girmanku ya wuce ɗaki biyu." Sai garatuti ya narke a siminti da kwano. Ga ɗaki takwas, 'ya'yan da aka gina dominsu suna Kano da Abuja, sai da sallah.

Lissafin a fili yake. A tsarin adashen gata da dokar fansho ta 2004 ta kawo, asusun ɗaya ne: iya abin da ka ɗiba a dunƙule, iya raguwar na wata-wata. Bulo kuwa ba ya sayen maganin hawan jini, ba ya zuba taki a gonar rake.

Za a ce gidan Bahaushe ba na mutum ɗaya ba ne. Gaskiya ne. To, wanda zai kwana a ɗakin ya gina shi da guminsa. Mu masu samu yau, in muna son zaure mai tayil, mu sa hannu a aljihunmu. Kuɗin tsoho na tsufansa ne.