INA MARUBUTAN JIMETA DA YOLA?

Yau maganarmu da ku ce, 'yan'uwanmu mutanen Arewa waɗanda neman abinci ya kai Kurmi, musamman 'yan Adamawa da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, da na Sabo a Badun, da na Anacha da Fatakwal. Ƙara muka kawo gabanku, kuma tun da wuri muna shaida muku cewa ku ma kuna cikin waɗanda ake ƙara.

Ƙarar kuwa ita ce, samari da 'yan matanmu masu tasowa da rubutun ƙagaggun labarai sun juya wa garuruwansu baya. Duk wanda ke karanta labaran da ake yaɗawa ta wayar hannu ya san abin da muke nufi. Yarinya za ta zauna a ɗakin uwarta a Luggere ko Nassarawo, zafin watan Afrilu yana dukanta, an ɗauke wuta tun safe, amma da ta fara rubutu sai ta kwashe mu ta kai wani katafaren gida a Abuja, inda saurayi ke da motoci goma, ya karya kumallo a nan ya ci abincin dare a Dubai. Wani kuma ko sunan gari ba zai ambata ba, sai ya ce "a wani gari", kamar mai ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. To, muna tambaya, me Jimeta ta yi muku? Wane laifi Yola ta yi da ba ta isa a saka ta cikin labari ba?

In rashin abin faɗi ne, to, ba a duba ba ne. Yola gari ne da Modibbo Adama ya kafa a 1841, Turawan Ingila suka ci shi da yaƙi a 1901 zamanin Lamido Zubairu. Jimeta kuwa ta bunƙasa ne a bakin Kogin Binuwai, inda jiragen ruwan kamfanonin Turawa ke tsayawa da damina su sauke haja su ɗauki amfanin gona. A 1976 aka mai da Yola hedkwatar Jihar Gongola, a 1991 ta zama ta Jihar Adamawa. Garuruwa biyu ne maƙwabtan juna masu hali daban: ɗaya na fada da malamai da kunya irin ta Fulani, ɗaya na kasuwa da tasha da ma'aikatan gwamnati, inda Bafulatani da Bahaushe da Babachame da Bakilbe da Bamargi da Ibo suke haya a gida guda, suna jan ruwa a rijiya guda. Duk mai ido ya san tsakanin waɗannan garuruwa biyu kaɗai akwai labaran da za su cika littattafai.

Ga kuma abin da garin ya gani da idonsa. A farkon 1984 rikicin Maitatsine ya ɓarke a Jimeta, ɗaruruwan mutane suka halaka, dubbai suka bar gidajensu. A ƙarshen 2014, da Boko Haram ta kama Mubi, jama'a suka kwararo Yola daga Mubi da Michika da Madagali, wasu suka sauka a sansanoni irin na Malkohi, mafi yawansu kuwa talakawan gari ne suka buɗe musu ƙofa suka raba tuwo da su. A 2015 bama-bamai suka tashi a kasuwar Jimeta da wani masallacin Juma'a a Jambutu. A 2012 da 2022 Binuwai ya yi ambaliya ya ci gonaki da gidaje. Jaridu sun ƙidaya gawawwaki sun wuce. Amma wa ya rubuta mana labarin tsohuwar da ta saukar da mutum goma sha biyu a ɗaki biyu, alhali ba addininsu ɗaya ba? Wa ya ba mu labarin masuncin Tafkin Geriyo, ko mai tuƙa Keke Napep da ya gama jami'a, ko yaron motar shanu da ke tasowa daga karar Ngurore ya kwana biyu a bisa katako kafin ya iso muku Agege?

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Garin da 'ya'yansa ba su ba da labarinsa ba, baƙo ne zai ba da shi, kuma yadda ya ga dama. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya shiga Yola a 1851, kwanaki kaɗan ya yi aka sallame shi, amma har yau masu binciken tarihi suna komawa ga abin da ya rubuta a kan garin, domin shi ya rubuta. Ku kuma da ke Kurmi kun fi kowa sanin zafin wannan. Abokin cinikinka a kasuwa in ya ji an ce Yola, ba abin da ke faɗo masa a rai sai bam da gudun hijira. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne ɗanka da ka haifa a Agege, wanda Yarabanci ya fi kama bakinsa, shi ma iyakar abin da ya sani ke nan. In ka kai shi gida da Sallah sai ya zama baƙo a ƙofar kakansa. Da akwai ɗan littafin labarai da zai karanta ya ji ƙamshin kifin bakin gada da hayaniyar kasuwar Jimeta, da ya isa garin yana ganin nasa ne.

Ku dubi mutanen da kuke zaune a cikinsu. Cyprian Ekwensi a Minna aka haife shi, amma ya zauna ya dubi Ikko da kyau, ya rubuta People of the City a 1954 da Jagua Nana a 1961, har duniya ta san titunan birnin da gidajen rawarsa. Bai tsaya nan ba, a 1962 ya fitar da Burning Grass a kan Fulani makiyaya, watau ya riga mu ba da labarin danginmu. A kasuwar Anacha kuwa, tun daga ƙarshen shekarun 1940, malaman makaranta da akawuna suka riƙa buga 'yan ƙananan littattafai masu araha a kan zaman birni, 'yan kasuwa suna saye suna karantawa a rumfuna. A Masar, Najib Mahfuz ya shafe rayuwarsa yana rubutu a kan lungunan Alƙahira, a 1988 aka ba shi kyautar Nobel. Babu ɗaya daga cikinsu da ya raina ƙofar gidansu.

Mun san abin da masu gardama za su ce. Na farko zai ce Adamawa ba ƙasar Hausa ba ce, a bar wa Kano da Zariya rubutun Hausa. Wannan magana ba ta da tushe. Da wane harshe ake ciniki a kasuwar Jimeta? Da wane harshe Bahigi da Bachambe ke gaisawa in sun haɗu a tasha? Hausar Jimeta Hausa ce, da gishirinta na Fulatanci da duk abin da ta tsinta a bakin kogi, kuma marubucin da ya goge wannan gishiri don tsoron dariyar Bakano ya zubar da abin da ya fi kowa da shi. Wanda kuma ya fi jin daɗin Fulatanci ko Bachamanci, bismilla, ya rubuta da shi. Mu dai a rubuta garin.

Na biyu zai ce mai karatu ya gaji da wahala, so yake a ɗauke masa hankali da daula. Mun ji, amma ba mu ce a riƙa rubuta kuka zalla ba. A Doubeli ma ana soyayya, ana kishi, ana biki, ana abin dariya. Kuma ga shaida: da Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labaran mata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira. Ashe dai mutane suna son a nuna musu rayuwarsu, in an iya nunawa.

Na uku, wanda ya fi yawa cikin manyanmu, zai ce ƙagaggen labari ƙarya ce, aikin marasa aikin yi. To, sai mu tuna masa cewa a gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, cikin waɗanda suka shiga akwai Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja, da wani malamin makaranta daga Bauchi mai suna Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta Shaihu Umar, daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Wa zai kira waɗannan marasa aikin yi?

Tarihin nan kuma yana koya mana cewa marubuta ba sa tsirowa haka kawai kamar ciyawa, sai an yi musu shuka. Gasar 1933 ce ta haifi littattafan farko. Gasar kamfanin NNPC na Zariya ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980. Matasan Kano kuwa da suka rasa mai buga musu, sai suka haɗa kai suka buga da kuɗinsu, har In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zaga ƙasar nan. A nan ne laifinku ya fito, ya ku mazauna Kurmi. Kuna da ƙungiyoyi, kuna da sarakunan Hausawa da na Fulani a kowane zango, kuna tara gudummawa in an yi biki ko rasuwa, kuna yi wa maroƙa liƙi har aljihu ya huce. Amma yaron da ya rubuta labari mai kyau a Damilu ba shi da mai ba shi kuɗin takarda, balle na maɗaba'a.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin 'yan Adamawa da ke Ikko da Badun da Fatakwal su haɗa hannu su sa gasar gajerun labarai ta shekara-shekara. Gajeren labari shi ya dace da mai koyo, domin shafi biyar ko shida ya ishe shi, kuma ana iya haɗa na mutum goma cikin littafi ɗaya mai sauƙin kuɗi. Sharaɗi ɗaya kawai za a gindaya: labarin ya faru a Jimeta ko Yola, a unguwa mai suna, cikin mutanen da za mu gane in mun gamu da su a hanya. A roƙi malaman harsuna na Jami'ar Modibbo Adama su yi alƙalanci, a buga waɗanda suka yi fice, a ɗoro su a motocin da ke kawo muku shanu da wake. Kuɗin sa guda ya isa a fara.

Ku kuma matasa masu alƙalami, ku fita ku zauna a bakin gada da yamma, ku saurari hirar 'yan dako da masu sayar da nono, ku koma gida ku rubuta abin da kuka ji. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya kuma mai da kowa gida lafiya, amin.