Raunin da hoto kaɗai ke gani



A yawancin labaranmu, da zarar jariri ya ƙi kama nono, sai mu ɗora wa kishiya ko mayya. Ina ganin wannan lalaci ne, kuma yana da illa, domin mai jego a Dawanau ko Tumfafi tana karanta mu a wayarta, tana kuma yarda da mu.

Maƙogwaron jariri, musamman bakwaini, ya fi fatar albasa laushi. Robar da ake zura masa ta hanci don ba shi madara, ko wadda ake zuƙe masa majina da ita, kan iya huda hanyar abinci ko da a hannun ƙwararriyar nas. A gida ma, ƙarfen wanzami wajen cire beli na iya yi masa rauni a wuya. Daga nan sai dalalar miyau, wani lokaci da jini, sai ƙwarewa da numfashi sama-sama.

Ido ba ya kaiwa can. Hoton ƙirji, wanda asalinsa binciken Wilhelm Röntgen ne a Jamus a 1895, shi ke nuna ko robar ta saki hanya ta faɗa gefen huhu, ko iska ta taru inda bai kamata ba. Ciwon yana kama da na jaririn da aka haifa da toshewar hanyar abinci, wanda sai an yi masa tiyata. Shi kuwa mai huda, galibi dakatar da ciyarwa ta baki, da ƙarin ruwa, da maganin kashe ƙwayoyin cuta sun isa ya warke. Hoton ne zai raba su, kada a yanka wanda bai buƙaci wuƙa ba.

Don haka mu gyara alƙalami. Kada mu mai da likita mugu, kada kuma mu mai da shi waliyyi. Mu rubuta uwar da ke cewa, "Likita, ba za a yi masa hoto ba?" Mu rubuta uban da ya ɗauki ɗansa daga Dawakin Tofa zuwa Asibitin Malam Aminu Kano tun kafin dare ya yi. Rigakafi ya fi magani, kuma labari ma rigakafi ne.

Wa zai gwada mana a gajeren labarin mako mai zuwa?